Gwajin Ingilishi da Tambayoyin Jarrabawa

Mai shirin jarrabawar BEPC (ta kammala ƙaramar sakandare) ko BAC (ta kammala babbar sakandare) a Yamai, nemi tsofaffin takardun jarrabawar Ingilishi wajen malamanka. Kullum ka ɗauki nassi guda kana sauya fanni: yau noma, gobe kiwon lafiya, jibi kasuwanci. Ba kanka minti 30, ka fara karanta tambayoyin kafin nassin don ka san abin da kake nema.

Wajen gyara aikin yake. Kada ka tsaya ƙirga maki kawai, rubuta kowane kuskure da dalilinsa. Yawanci Faransanci ne ke kutsowa: "library" ɗakin karatu ne, ba shagon littattafai ba kamar "librairie" a Faransanci. Ga kuma manta "s" a ƙarshen aikatau bayan "he" da "she". Bayan mako guda, sake amsa waɗanda suka kayar da kai, littafi a rufe.