Yadda Ɗalibin Kemistiri Zai Ci Moriyar Intanet Da Wayar Hannunsa

Ɗalibin da ke shirin WAEC ko NECO ko JAMB a nan Bauchi, da wanda ya shiga aji ɗaya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, kukansu kan kemistiri kusan ɗaya ne: littattafai sun yi tsada, ɗakin gwaji ba ya ɗaukar kowa, darasi kuma ya koma hadda. To amma wayar da ke aljihunka tana iya rage maka wannan nauyi sosai. Shafuka biyar ko shida sun ishe ka, duk kyauta, muddin ka san aikin kowanne, kuma biro da takarda suna gefenka duk lokacin da ka buɗe su.

Fara da manhajar jarrabawa, wato silabos. Kafin ka kalli bidiyo ko ɗaya, sauke manhajar kemistiri ta JAMB daga shafin hukumar, ka kwafe kanun darussa a bangon littafinka. Daga nan ka leƙa sashen koyo na shafin WAEC. A can ake ajiye tsofaffin tambayoyi tare da bayanin manyan masu makin jarrabawa, inda suke faɗin wurin da ɗalibai suka yi tuntuɓe a kowace tambaya. Yara kaɗan ne suka san da wannan sashe, kuma ni a ganina ya fi tarin bidiyon da ake turawa a zaurukan WhatsApp amfani.

Ajiye jadawalin sinadarai mai motsi. Buɗe Ptable, ko jadawalin da ƙungiyar Royal Society of Chemistry ta Ingila ta wallafa. Tun 1869 da Dmitri Mendeleev na Rasha ya tsara jadawalin ake ƙara masa gidaje, yau sun kai 118, kuma a 2016 aka raɗa wa huɗun ƙarshe suna. Babu mai neman ka haddace su duka. Ashirin na farko su ne abincinka na kullum. Taɓa sodiyam, ka ga lambarsa 11 da jerin ilektiron ɗinsa 2, 8, 1. Sauka kan fotasiyam da ke ƙarƙashinsa, ka ga shi ma ilektiron ɗaya ne a bayansa, nan za ka gane dalilin da ya sa halinsu ya zo ɗaya idan suka haɗu da ruwa. Rufe wayar, ka zana ashirin ɗin da ka. Buɗe ka gyara.

Sauke PhET, ka yi wasa da shi da gaske. Wannan shi ne wanda nake so kowane ɗalibi ya mallaka. Jami'ar Kolorado da ke Bolda a Amurka ce ke kula da shi, kuma Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 2001, shi ya kafa shi a 2002. Ƙananan gwaje-gwaje ne na allo da kake sarrafawa da yatsa. Alherin da ke cikinsa ga mai ƙaramar data shi ne kowane gwaji ana iya sauke shi ya zauna a waya, ya yi aiki ko babu intanet. Mutum ɗaya ya sauke, sauran 'yan aji su karɓa ta Xender.

Fara da Build an Atom. Jawo furoton ɗaya ka sa a tsakiya, sunan haidirojin ya fito. Ƙara na biyu, ya koma hiliyam. Sa ilektiron biyu, sannan ka cire ɗaya, ka ga alamar caji ta bayyana. Cikin minti goma bambancin atam da ayon da aisotof, wanda malami ya yi ta maimaitawa a allo, zai zauna maka. Sai ka wuce Balancing Chemical Equations. Misalin farko shi ne haɗa amoniya, akwai kuma sikeli da ke karkata har sai ka daidaita ɓangarorin biyu: N₂ + 3H₂ → 2NH₃. Ka rubuta amsarka a takarda tukuna, sannan ka shigar ka gani. Wanda ke ta latsa lambobi har sikeli ya daidaita da kansa bai koyi komai ba, ya dai ƙona batirinsa.

Akwai kuma pH Scale, inda za ka auna madara da jini da ruwan batir, ka zuba ruwa ka ga yadda lambar pH, mai nuna ƙarfin asid ko alkali, ke matsowa kusa da 7. Bayan ka gama da allo, shiga kicin. Jiƙa zoɓo, ka raba ruwan a kofi biyu masu haske. Matsa lemun tsami a ɗaya, ja zai ƙara fitowa jawur. Zuba ruwan kanwa a ɗayan, launin zai juya ya yi duhu-duhu mai ratsin kore. Zoɓon ya yi maka aikin da takardar litmos ke yi, ya nuna asid ya nuna alkali. Iyakar gwajin gida ke nan. Ruwan batir na gaske da sodar haɗa sabulu suna ƙona fata suna makantar da ido, kada ka kusance su da sunan gwaji.

Tambayi PubChem kan kowane sinadari. Cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ce ta buɗe wannan rumbu a 2004, kuma sinadaran da ke cikinsa sun haura miliyan 100. Gwada shi da abin da ka sani. Buhun takin yuriya da ake saye a kasuwar Muda Lawal da damina an rubuta masa kashi 46 na naitirojin. Daga ina lambar ta fito? Tsarin yuriya CO(NH₂)₂ ne. Tara nauyin atam ɗinsa: kabon 12, oksijin 16, naitirojin biyu 28, haidirojin huɗu 4, jimla 60. Raba 28 da 60, ka samu kashi 46.7 cikin ɗari. Wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kusan kilo 23. Yanzu rubuta urea a PubChem, za ka ga nauyin mol ɗinsa 60.06, ka ga siffar molekul ɗin kana juya ta da yatsa, ka ga bayanin haɗarinsa.

Haka za ka yi da farar ƙasar da ake ƙonawa a masana'antar siminti ta Ashaka da ke maƙwabciyarmu Gombe: CaCO₃ → CaO + CO₂. Giram 100 na dutsen yana ba da giram 56 na CaO da giram 44 na iskar CO₂. Mol ɗaya ke nan na iskar, wanda a ma'aunin s.t.p., wato daidaitaccen zafi da matsin iska, yake cika 22.4 dm³. Lissafin mol da yara ke gudu bai wuce wannan ba, lambobi kawai ake sauyawa.

A nan akwai tarko, ka kula da kyau. Sunayen da ake koyarwa a makarantunmu ba su ne shafukan waje ke amfani da su ba. Abin da jarrabawarmu ke kira tetraoxosulphate(VI) acid, su sulfuric acid suke rubutawa. Trioxonitrate(V) acid kuwa nitric acid ne. Inda muke rubuta mol dm⁻³ su M suke sawa, dm³ ɗinmu kuma shi ne litarsu. Mafita mai sauƙi ita ce ka yi bincike da tsarin haruffa, kamar H2SO4, sannan ka ware shafi ɗaya a littafinka kana jera sunayen biyu gefe da gefe. Ranar jarrabawa ka rubuta wanda malaminka ya koya maka.

Nemi bayani mai tsawo idan darasi ya cije. OpenStax na Jami'ar Rice yana da cikakken littafin kemistiri da ake saukewa kyauta a PDF, ya dace da 'yan aji ɗaya da biyu na jami'a da kwalejin kimiyya. LibreTexts ma haka. Khan Academy kuma na mai son a zana masa a hankali ne. Sauke da dare lokacin da data ke araha, babi ɗaya kawai, wanda ke gabanka a wannan makon.

Game da ChatGPT da Meta AI: suna iya sake maka bayani da sauƙin harshe, amma suna kuskuren lissafi, su kuma faɗe shi ba tare da ɗar ba. Duk lambar da suka ba ka, ka auna ta da jadawali ko PubChem. Kada ka miƙa musu aikin gida. A zauren JAMB tambayoyi 40 ne na kemistiri, daga kai sai kwamfutar hukuma.

Saura aikin hannu. Takarda ta uku ta WAEC gwaji ce a aikace, kuma babu shafin da zai koya wa yatsunka murɗa famfon buret, dogon bututun gilashin awo, ɗigo-ɗigo. Bidiyo zai nuna maka yadda methyl orange, sinadarin da ke nuna asid da alkali, ke sauyawa daga rawaya zuwa ruwan lemo, ya nuna maka karanta ƙasan lanƙwasar ruwa daidai da idonka. Kalla sau biyu, ka zana teburin sakamako da layin gwajin farko da na biyu da na uku, lamba biyu bayan ɗigo. Sannan ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku sami malam cikin ladabi ku roƙi a buɗe muku ɗakin gwaji ranar Asabar. Ko babu asid, a cika buret da ruwan famfo, kowa ya cika fifet, bututun ɗibar ruwa mai 25 cm³, har zuwa zanensa, ya saki ruwa, ya karanta ya rubuta, har hannu ya daina rawa.