Kana son karanta famasi a jami'a? Ga yadda tafiyar take

Kafin ka cike fom ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, shin ina shiri da kemistri? Don famasi kemistri ne tun daga ranar shiga har ranar fita. Da yawa suna faɗowa kwas ɗin ne saboda ba su samu likitanci ba, wai ai duk harkar asibiti ce, sai an yi nisa su ga ashe hanyar daban take. Likita cutar yake bi, shi kuma famasist, wato mai harhaɗa magunguna, maganin ne nasa, da me aka yi shi, yaya yake shiga jini, hanta ce ke sarrafa shi ko ƙoda ce ke fitar da shi, me zai faru in ya tarar da wani maganin a jiki. In irin waɗannan tambayoyin ba sa burge ka to shekarun za su yi maka tsawo sosai.

Tun daga sakandare ka riƙe kemistri da bayoloji da fiziks da lissafi da kyau, don su ake dubawa kuma masu neman gurbin suna da yawa. Tsawon karatun ya danganta da ƙasa, a Najeriya digirin B.Pharm shekara 5 ne na PharmD kuma 6, a Ingila digirin MPharm shekara 4, a Amurka sai ka yi karatun share fage tukuna sannan PharmD na shekara 4. Amma abin da nake roƙonka ka bincika kafin komai shi ne ko hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista a ƙasar ta amince da kwas ɗin wannan jami'ar, domin in ba ta amince ba za ka iya gamawa da digiri a hannu amma babu lasisi, kuma wannan asara ce babba.

Shekarun farko tushe ake kafawa, ilimin sassan jiki da yadda suke aiki da na ƙwayoyin cuta, ga kemistri kala-kala. Daga nan sai a shiga ainihin abin. Akwai famakoloji mai bayanin abin da magani ke yi wa jiki, akwai fannin da ke koya maka yadda ake mayar da gari ya zama ƙwaya ko ruwan sha ko man shafawa ko allura, akwai kuma na magungunan da ake samu daga tsirrai, wanda ɗalibai kan raina shi alhali kwinin daga ɓawon itace aka samo shi, kuma atimisinin da duniya ke maganin zazzaɓin cizon sauro da shi yanzu daga wani ganye Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da shi, har ta samu kyautar Nobel a 2015.

Kada ka ce za ka haddace magunguna ɗaya bayan ɗaya, ba za su ƙare ba. Dangi-dangi ake koyonsu. Ka ɗauki su lisinopril da enalapril da captopril, duk na hawan jini ne, hanya ɗaya suke bi, kuma duk suna iya sa busasshen tari, to in ka fahimci ɗaya da kyau sauran sai ka nemi inda suka bambanta kawai. Kowane magani ka yi masa tambayoyi iri ɗaya, me yake yi, nawa ake sha, wa bai kamata ya sha ba, da me ba ya haɗuwa. Misali mai shan wafarin don kada jininsa ya daskare, in aka ƙara masa asfirin ba tare da lura ba zai iya zubar da jini, kuma sau da yawa kai ne mutum na ƙarshe da takardar likita za ta bi ta hannunsa kafin mara lafiya ya kai maganin baki.

Sai lissafi, a nan ne nake son ka fi daɗewa. Ba mai wuya ba ne, amma ba ya yafiya. A ce yaro ne mai nauyin kilo 12, za a ba shi farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, ya zama miligiram 180 kenan, in ruwan maganin yana da miligiram 120 a cikin mililita 5 to mililita 7.5 zai sha. Yanzu ka ce ɗigon da ke cikin 7.5 ya goce an rubuta 75, ka ninka masa sau 10, kuma farasitamol in ya yi yawa hanta yake lalatawa. Shi ya sa za ka saba da rubuta ma'auni kusa da kowace lamba, ka sake lissafin ta wata hanyar, sannan ka tsaya ka tambayi kanka wannan adadin ya yi kama da na yaro kuwa? Ka riƙa yin irin wannan lissafin ko da guda uku ne kullum har hannunka ya faɗa.

Ranar lab kuma, wato ranar shiga ɗakin gwaje-gwaje, kada ka tsaya bayan mutane kana kallo, ka karɓi sikelin ka auna da kanka, ka rubuta rahoton a ranar tun abin yana kanka. In an yi hutu ka nemi asibiti ko babban kantin magani da ke da famasist mai rajista ka zauna kusa da shi, a nan za ka ji yadda ake yi wa tsoho mai magani kala biyar bayani har ya gane wanne ne na safe wanne ne na dare.

Digirin kaɗai ba ya mayar da kai famasist. A Najeriya da Ingila sai ka yi shekara 1 kana aiki ƙarƙashin wanda ya riga ka, ka ci jarabawar hukuma sannan a yi maka rajista, a Amurka kuma akwai jarabawar neman lasisi da ake kira NAPLEX. Bayan nan ne za ka zaɓa, asibiti ko kantin magani ko kamfanin da ke yin maganin ko hukumar da ke duba ingancinsa ko koyarwa da bincike, kuma duk wanda ka ɗauka lasisin sabunta shi ake yi, don haka ka riƙa lura da lokacin da zai ƙare.