Yadda zaka sayi manhajar kiɗa da fulogin ba tare da ka ƙona kuɗinka ba

Duk yaron da ya fara shiga harkar situdiyo tambayarsa ɗaya ce, wai wanne fulogin (ƙaramar manhajar da ake ɗorawa a cikin babba don gyara sauti ko samar da shi) ne manyan furodusoshi suke amfani da shi muryar mawaƙi take fita tar haka. Gaskiya ba daga nan ake farawa ba. Kafin fulogin akwai uwar manhajar da komai yake zama a cikinta, wadda a ciki zaka buga kiɗan, ka ɗora murya, kai miksin, wato daidaita sautukan su zauna tare, ka fitar da waƙa, kuma idan kuɗinka kaɗan ne to a kanta ya kamata ya tafi, sauran duk zasu iya jira.

A situdiyoyinmu na Kano da Kaduna da Jos guda biyu ne suka fi yawa, FL Studio wajen haɗa kiɗa, Cubase wajen ɗaukar murya, har zaka ga mutum ya gama kiɗa a wancan ya kwaso ya kawo wannan. Ba laifi bane amma ga mai farawa wahala ce biyu da kuɗi biyu. Zaɓi ɗaya ka zauna a kanta har hannunka ya saba.

Mu fara da FL tunda ita aka fi sani. Kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne yake yinta, da can sunanta FruityLoops kafin a canza a 2003, shi yasa har yau wasu tsofaffin hannu suke ce mata Furuti. Babban abin da yasa nake cewa a saye ta shine sau ɗaya ake biya, duk sabon bashon (sabon samfurin manhajar) da zai fito nan gaba kyauta ne har ƙarshen rayuwa, wanda ya saya tun zamanin FL 10 yau yana kan sabuwa bai ƙara ko sisi ba. Amma ka kula wajen zaɓen aji, domin kashi huɗu ce: Fruity, Producer, Signature, sai All Plugins. Fruity ita ce mai arha, wajen dala 99, kuma ita mutane suke rugawa su saya saboda arhar, sai sun biya su gane ba'a yi ta don ɗaukar murya da makirofo ba, kiɗa kawai zaka tsara. Idan mawaƙa zasu dinga shigowa ɗakinka to Producer ce mafi ƙarancin abin da zai maka aiki, kuɗinta yana kai-kawo wajen dala 200, kuma tana zuwa da fulogin irin su Edison da Sytrus da Maximus da Slicex. Signature ta ƙara da NewTone da Pitcher na gyaran murya da Gross Beat. All Plugins kuwa manta da ita yanzu. Abin daɗin shine idan ka fara da ƙarama daga baya kana son hawa sama ba sabon saye zakai ba, bambancin kuɗin zaka cika. Farashin yana canzawa don haka ka duba shafinsu da kanka ranar da zaka biya.

Kafin ma ka biya sauke ta gwaji, kyauta ce kuma bata ƙarewa, zaka iya haɗa kiɗa ka fitar da shi WAV ko MP3, har sebin zakai, abin da kawai ta hana shine sake buɗe aikin da ka ajiye sai ranar da ka saya. Wannan ya isa ka gane ko laftof ɗinka zata ɗauka.

Cubase ta kamfanin Steinberg ce na Jamus, wanda yanzu yake ƙarƙashin Yamaha, su ne ma suka ƙirƙiro tsarin VST a 1996 wanda kusan duk fulogin ɗin da kake gani a kansa yake tafiya. Ita kuma aji uku ce, Elements da Artist da Pro, kuma duk babban bashon da ya fito sai ka ƙara kuɗi idan kana so, ba irin FL ba. Wajen yanka murya da jera ta da gyaran amshi tana da daɗin aiki, wannan ba musu. Da can sai da wani ɗan filashi na lasisi da ake sokawa a kwamfuta, idan ya ɓata ka shiga uku, amma tun Cubase 12 da ta fito a 2022 sun daina, yanzu da akawun ɗinka kake buɗewa. Har yau zaka shiga situdiyo kaga Cubase 5 ta 2009 ana ta fama da ita, tana aiki kam, sai dai sababbin fulogin da yawa bazasu hau ba. Wani abu da mutane basa lura da shi, idan ka sayi sawun kad, na'urar da take haɗa makirofo da kwamfuta, sabo a kwali sau da yawa akwai ƙaramar manhaja ta halak a ciki, na Steinberg suna zuwa da Cubase AI, Focusrite Scarlett kuma da Ableton Live Lite, dan Allah kar ka jefar da takardar cikin kwalin nan, kai rijistar na'urar da sunanka ka karɓi abinka.

Akwai ta uku da ba'a cika maganarta a wajenmu ba kuma ni a ganina ita ta fi dacewa da aljihun talaka, Reaper. Kwana 60 zakai kana gwada ta cikakkiya ba'a rage komai ba, lasisinta dala 60 ne ga wanda abin da yake samu da ita a shekara bai kai dala 20,000 ba, wanda kusan dukkanmu kenan. Fayil ɗin saukewarta ƙarami ne sosai bazai ci maka data ba, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana jan ta. Fuskarta ce dai ba kyau kuma bata zuwa da kayan kiɗa na a zo a gani, amma wajen ɗaukar murya da miksin bata da matsala.

Toh maganar kirak, wato manhajar da aka fasa ake amfani da ita ba lasisi. Kowa yasan yadda ake, a kai laftof kasuwa a loda mata komai a ɗan kuɗi kaɗan, kuma bazan tsaya wa'azi ba tunda dala ta yi tsada kowa ya sani. Lissafin kawai nake so kai. Mai kirak ɗin nan sai ya ce ka kashe antibayros kafin kai instolin, kaga kenan ka buɗe ƙofa ga duk abin da aka cusa a ciki, a kwamfutar da kake shiga imel da banki da ita. Sannan ranar da manhajar ta rufe kanta tsakiyar aiki mawaƙi yana tsaye gaban makirofo ya biya kuɗin zama, ba wanda zaka kaiwa kuka. Ga kuma haƙƙin masu abin. Idan waƙa biyar ko goma zasu mayar maka da kuɗin lasisi to ka tara ka saya, idan ba hali kuma akwai na kyauta na halak irin Waveform Free, ko GarageBand ga mai Mac.

Wajen biya, katin naira wani lokaci ya wuce wani lokaci ya ƙi, kuma bankuna suna sa iyakar dalar da zaka kashe a waje, don haka tambayi bankinka tukunna ko ka nemi katin dala. Idan wani ne zai biya maka, ɗan'uwa a waje ko aboki, to akawun ɗin ya zama da imel ɗinka kai, ba nasa ba, domin lasisin yana manne da akawun ne, ranar da kuka ɓata ko ya canza waya shikenan. Masu tallan "orijinal ki", wato lambar lasisi, a WhatsApp da rabin kuɗi kuwa ka guje su, yawanci akawun ɗin wani ne ake rabawa mutum goma, wata rana a rufe shi gaba ɗaya. Kuma idan ba gaggawa kake ba jira ƙarshen Nuwamba lokacin Black Friday, kusan duk kamfanonin nan suna karya farashi.

Yanzu fulogin. Ƙa'idata ɗaya ce, kar ka sayi komai sai ka iya faɗin matsalar da zai magance maka da bakinka. "Muryar tana da kaifi wajen harafin s" matsala ce, "naga wani a YouTube yana amfani da shi" ba matsala bace. Fruity Parametric EQ 2 da Fruity Limiter da Reeverb 2 da suke cikin FL sun isa a fitar da waƙar da za'a sa a rediyo, wanda bai iya da su ba ko an bashi fulogin ɗin kamfanin FabFilter gaba ɗaya haka muryar zata fito a dagule. Tara fulogin ɗari biyar kamar mai shayi ne ya jera kofi dubu alhali butarsa ɗaya ce.

Abin da mutanenmu suka fi nema dai otocun ne, fulogin ɗin da yake jan murya ya daidaita ta da kiɗa. Na asalin na kamfanin Antares ne, ya fito a 1997, kuma yanzu sun fi tura mutane wajen biyan wata-wata, wanda ga mai samun naira abu ne mai ciwo domin duk watan da baka biya ba ya rufe, tsofaffin ayyukanka ma bazasu yi sauti yadda ka barsu ba. Kafin ka kai can gwada MAutoPitch na MeldaProduction ko Graillon na Auburn Sounds, duk suna da na kyauta, Reaper ma tana da ReaTune a ciki. Kuma yawancin abin da ake ɗorawa otocun laifi ba nasa bane, ki ne, wato jerin sautukan da kiɗan yake tafiya a kai, ba'a saita ba. Sai ka san ki ɗin da kiɗan yake kai ka saka masa, idan ka barshi a kan duk sautuka goma sha biyu zai dinga jan muryar zuwa inda ba nan mawaƙi ya nufa ba. Waƙoƙinmu da yawa akan sautuka biyar suke yawo, to cire waɗanda waƙar bata taɓawa, nan take zakaji rawar muryar nan ta ragu. Sai saurin gyaran, idan ka kai shi sifili zaka samu muryar ƙarfen nan da wasu suke so a waƙar biki, idan kuma mawaƙin mai jan murya ne yana lanƙwasa ta to sassauta masa, in ba haka ba duk lanƙwasar zata koma tsalle-tsalle. Gyara na tsanaki sauti bayan sauti kuma aikin Melodyne ne ko NewTone ko VariAudio na cikin Cubase, ya fi cin lokaci amma ba'a jin hannunka a ciki.

Sauran na kyauta da suka cancanci wuri a kwamfutarka: Vital da Surge XT wajen haɗa sautin kibod, TDR Nova wajen rage kaifi, Valhalla Supermassive wajen amsa-kuwwa, Youlean Loudness Meter don ka ga ƙarfin waƙar da idonka kafin ka ɗora ta. Kontakt Player, mai buɗe laburaren sautukan kayan kiɗa, ma kyauta ne amma kula, ba kowane laburare yake buɗewa ba, wanda ba'a yi masa lasisin Player ba zai yi minti 15 ya ɗauke sai ka sayi cikakken Kontakt, karanta bayanin kafin ka ƙona gigabait ashirin na data a banza. Su kamfanin Waves kuma kullum suna cikin ragi kaga fulogin a wajen dala 30, sai dai afdet ɗinsu na shekara ɗaya ne, bayan nan idan ka canza kwamfuta ko tsarinta ya hau sama tsohon ya ƙi aiki sai ka sake biya.

Kalangu da ganga da kuntigi da algaita kuwa kar ka ɓata lokaci kana neman su a kasuwar Turawa. Kira makaɗi ka biya shi, ka ɗauki bugu ɗai-ɗai, mai ƙarfi da mai taushi da wanda aka matse tsarkiya, sannan ya buga maka zagaye na tsawon ɗan lokaci akan mita, wato ƙidayar bugun da manhajar take yi, ka yanka a Edison ko Slicex ka ajiye a folda da suna mai ma'ana. Wannan kayan naka ne kai kaɗai, ba irin tarin sautin da kowa yake turawa kowa ta filashi har waƙoƙi goma su fito da bugu iri ɗaya ba.

Wajen instolin zaɓi VST3 mai 64-bit idan kana Windows, shi da kansa yake tafiya foldarsa a Common Files, ba irin tsohon VST2 da kowa yake jefa shi inda ya ga dama daga baya a rasa shi ba. AU na Mac ne, AAX na Pro Tools, idan baka da su cire alamar kar su cika maka wuri. A FL bayan ka gama shiga Options ka danna Manage plugins kai sikanin, in ba haka ba bazai bayyana ba. Wanda lasisinsa yake kan iLok, wani tsarin ajiye lasisi, kuma zaɓi a ɗora shi akan kwamfutar ko filashinsu in an baka zaɓi, domin na kilawud sai da intanet a kunne koda yaushe, netwok ɗinmu kuwa ka sani. Kuma kafin ka kai laftof a yi mata fomatin ka fara cire lasisin ka mayar akawun, mutane da yawa a nan suke asara.

Idan kiɗa ya fara ƙaraf-ƙaraf kar ka ce kwamfutar ta mutu, duba bofa tukunna, wato lambar da take nuna yawan sautin da kwamfutar take tarawa kafin ta fitar. Sa direban ASIO na sawun kad ɗinka, lokacin ɗaukar murya ka sa 128 ko 256 don kar mawaƙi ya dinga jin muryarsa tana zuwa a makare a hedfon, lokacin miksin ka ɗaga zuwa 1024 ta samu numfashi. Kayan kiɗan da ka gama da su mayar da su odiyo ka kashe fulogin ɗin.

Afdet kuwa ko kyauta ne ba'a yinsa tsakiyar aiki. Idan kana da album a hannu ko waƙoƙin fim da ake jira, gama ka miƙa sannan ka taɓa wani abu, domin aikin da kai sebin a sabon bashon ba lallai ya buɗu a tsohon ba, kuma fulogin ɗaya da ya ƙi hawa ya isa ya tsayar da kai. FL tana bari ka sa sabuwar a folda daban tsohuwar tana nan, yi haka ka gwada da ayyukan da ka riga ka gama, sai ka tabbatar sannan ka koma. Haka ma afdet ɗin Windows ko macOS, bari masu gaggawa su fara. Duk waƙar da ka gama fitar da kowane layi daban a WAV, ka kuma ajiye aikin a fayil ɗin zif tare da sautukansa akan had disk na waje, sannan ka shiga saitin ka sa manhajar ta dinga sebin da kanta duk bayan minti biyar, saboda NEPA bata sallama kafin ta ɗauke, kuma in destof kake amfani da ita UPS ya zo kafin kowane fulogin a lissafinka.