Darasi na Bakwai: Babbar Kyamara da Gyaran Hoto Ba Tare da Sauya Kamanni Ba

A cikin kowace kyamarar zamani akwai wani ɗan faranti da haske yake sauka a kansa bayan ya ratso gilashin gaba, shi ne masu sana'a suke kira sensa, kuma girmansa ne yake raba kyamarori aji-aji. Na wayar hannu bai wuce girman farce ba. Na kyamarar da yawancin ƙwararrun masu hoto suke ratayawa yana da tsawon milimita 36 da faɗin 24. Kyamarar da muke magana a kanta kuwa, wadda ake kira mai matsakaicin faranti, nata ya kai milimita 44 da 33, wato ya fi wancan fili da kusan kashi 70 cikin 100. Sunan matsakaici gado ne daga zamanin fim, domin fim mai lamba 120, wanda Kodak ya fitar a 1901, ya fi ƙaramin fim girma amma bai kai na kyamarar nan da mai hoto yake lulluɓa da baƙin ƙyalle ba.

Daga cikin irin waɗannan kyamarori, kamfanin Hasselblad na Suwidin ya fitar da X1D a 2016, Fujifilm na Japan kuma ya fitar da GFX 100 a 2019, wadda hotonta ɗaya yake ɗauke da ɗigo miliyan 102, wato ƙananan ɗigon launi da suke haɗuwa su zama hoto. Kaya ne masu tsada ƙwarai, kuma ba kowane mai hoto ne zai mallake su ba, amma abin da suke koyarwa zai amfani har mai aiki da waya.

Ku ɗauki misalin dattijo wankan tarwaɗa ko baƙi, sanye da farar shadda da rawani, a tsaye da hantsi ranar Sallah. Ƙaramar kyamara takan rasa ɗaya daga cikin biyu: ko dai rigar ta ƙone fari fat har aikin askar da ke ƙirji ya ɓace, ko kuma fuskar ta dushe a ƙarƙashin inuwar rawani. Babban faranti yana iya riƙe zaren aikin da kuma annurin fuskar a hoto guda, kuma yana nuna yadda launin fata yake sauyawa a hankali daga goshi zuwa kumatu. Domin a sami wannan, sai a ɗauki hoton a tsarin RAW, wanda yake ajiye duk abin da farantin ya gani, ba JPEG ba, wanda yake zubar da mafi yawansa. A kafa kyamarar a kan ƙafa uku idan da hali, saboda ɗan motsin hannu ma yana fitowa fili, a kuma saita gani a kan ƙwayar idon da ya fi kusa.

Idan an buɗe hoton a kwamfuta, da manhaja irin Lightroom ko Capture One ko darktable wadda kyauta ce, aikin farko shi ne daidaita fari, domin idan farar riga ta koma shuɗi-shuɗi ko ruwan ɗorawa, fata ma ta tashi daga launinta. Bayan haka sai a rage hasken wurin da ya yi yawa har zaren shaddar ya dawo, a ɗaga duhun fuska kaɗan. Kada a kore inuwa gaba ɗaya, ita ce take fitar da tudun hanci da siffar fuska.

A wurin fata ne aka fi yin ɓarna, kuma abin yana damuna matuƙa. Sau da yawa za a ga amarya a hoton bikinta an haskaka ta, an shafe fuskar sumul kamar roba, har mahaifiyarta sai ta sake dubawa kafin ta gane ta. Abin da zai tafi da kansa cikin mako guda, kamar ƙurji ko gumi mai ƙyalli, ana iya cire shi. Tsagar gado, da tabon salla, da wushirya, da furfura, waɗannan na mutum ne, ba a taɓa su sai shi ya nema da bakinsa. Haka nan launi: jan lalle da zanen atamfa suna da ƙarfinsu, idan aka ƙara musu sai leɓe da fata su yi ja fiye da kima. Ido yana sabawa da kuskure idan an daɗe a gaban allo, saboda haka a tashi na ɗan lokaci, a dawo a kwatanta da hoton asali.

Aikin gida: kowa ya ɗauki hoton wani ɗan'uwansa a inuwa, da izininsa, yana riƙe da farar takarda. A daidaita fari da wannan takarda, a gyara haske kawai, sannan a wanke hoton asali da wanda aka gyara a zo da su aji mako mai zuwa.