Yadda ake gano matsalar mai da ta wuta a tsohuwar akori-kura

Tsofaffin akori-kura masu shan fetur, irin su Peugeot 404 da 504 da Land Cruiser mai injin 2F, har yanzu suna ɗaukar gero da awaki tsakanin Maraɗi da kasuwannin ƙauye, kuma idan ɗayarsu ta ƙi tashi, yawanci laifin na mai ne ko na wuta. Kada a sayi komai sai an tantance wanne ne daga cikin biyun, domin an sha canza karbirata mai lafiya, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska, alhali kondansata ce ta mutu, wato ƙaramar na'urar da ke taimakon wuta.

A fara da batir, wanda idan ya cika yake nuna volt 12.6, a kankare kawunansa a ɗaure su tamau. Daga nan a zare babbar wayar da ta taso daga bobin (na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar batir) zuwa tsakiyar murfin delko (na'urar da ke rarraba wuta ga silindojin injin), a riƙe ta da filaya mai hannun roba kusa da jikin injin, wani ya murza makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙara alama ce ta lafiya, amma idan ja ne mai rauni, ko babu shi sam, sai a buɗe delko. A nan ne aikin yake buƙatar natsuwa. A juya injin da hannu har bis-platine, wato 'yan ƙarafan cikin delko da ke haɗuwa suna rabuwa don katse wuta, ta buɗe iyakar buɗewarta, a auna tazarar, wadda ya kamata ta kasance milimita 0.4 a Peugeot, 0.45 a Toyota. Idan bakinta ya ƙone ya yi rami, kondansata ce abar zargi, don haka a canza su tare, domin sabuwar bis-platine ba ta daɗewa a kan tsohuwar kondansata. A haska cikin murfin a nemi tsaga ko baƙin layi, a kuma goge ƙurar hunturu da kan taru a ciki. Wanda ya cire wayoyin buji, wato fulogi, ya mayar da su bisa tsari: 1-3-4-2 a Peugeot, 1-5-3-6-2-4 a injin 2F.

Idan wuta ta tabbata, sai a koma kan mai. A cire tiyon da ke shiga karbirata, a sa bakinsa cikin kwalba, nesa da injin da duk mai shan taba, a murza makulli na ɗan lokaci. Famfon da ke turo fetur, idan yana da lafiya, yana tofo mai da ƙarfi. Idan ɗigo kawai yake yi, a duba matatar mai kafin a zargi famfo, musamman ga motar da ke shan man kwalba na bakin hanya, wanda kan zo da ruwa da yashi. Baƙin man injin da ke warin fetur yana iya nuna robar cikin famfon ta yage. Motar da ke mutuwa da tsakar rana a watan Afrilu, ta sake tashi bayan ta huce, sau da yawa fetur ne ke tafasa a tiyo, sai a nisanta shi daga bututun hayaƙi. Karbirata ita ce ta ƙarshe: a wanke ta da fetur, a hura ƙananan ramukanta da iska, kada a zura musu waya domin tana faɗaɗa su.

Wajen neman kaya, a tafi da tsohon a hannu, tare da lambar injin da wadda ke jikin delko ko karbirata, saboda yawancin motocin nan an taɓa sauya musu inji, katin mota ba zai faɗi gaskiyar abin da ke ciki ba. Kayan Peugeot ba su cika wuya ba, tun da kamfanin ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma abin da aka rasa a Maraɗi akan same shi a Katsina ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Buji, bis-platine, kondansata da tiyo a saye su sababbi. Delko da karbirata kuwa, a ganina na asali da aka ciro daga matacciyar mota ya fi sabon jabu, muddin an girgiza sandarsa an ji ba ta lilo, kuma an yi sharaɗi da mai shago cewa za a mayar idan bai hau ba.