Yadda Ake Gane Gajerun Kalmomin Sojoji In Kana Hulɗa Da Bariki A Legas

Yaran da ke saukowa daga Arewa su kama sana'a a kasuwar mami ta barikin Ikeja, ko su riƙa kai kaya barikin Ojo da na Bonny Camp, kusan rami ɗaya suke faɗawa. Da sun yi 'yan kwanaki suna jin RSM, AWOL da Roja a bakin sojoji, sai su ɗauka sun iya, su fara jefa wa mai kaki. Kai dai fara da gyara kunne. Ga yadda nake koya wa yaran shagona.

Mataki na farko: san inda kalmar ta fito

Hanya biyu ce. Ta farko daga Ingila. A nan Legas, a 1863, wani hafsan jiragen ruwa mai suna John Glover ya tara 'yan tsirarun Hausawa ya ba su bindiga, kuma daga wannan ƙungiya ake lissafa asalin sojan Najeriya. An daɗe ana amfani da Hausa a bariki, shi ya sa muka gaji samanja, saje, kofur, kurtu da fareti. Gajerun sunayen muƙamai irin su CO da RSM duk ta wannan hanya suka zo, kuma su ne na aiki.

Ta biyu daga Amurka. A Yaƙin Duniya na Biyu, ƙananan sojojinsu sun gaji da yadda ofis ke taƙaita komai da haruffa, sai suka ƙirƙiro nasu don shaƙiyanci. SNAFU ta bayyana wajajen 1941, ma'anarta komai ya dagule kamar yadda aka saba. FUBAR kuwa abu ne ya lalace har ba a gane shi. Waɗannan ta fina-finai suka fi iso mana.

Mataki na biyu: muƙamai

Nan ne ake zubar da mutunci, don haka nan zan daɗe. CO da OC haruffa iri ɗaya ne aka juya, amma tsakaninsu akwai nisa. CO shi ke riƙe da bataliya sukutum, yawanci Laftanar Kanar ne. OC yana ƙarƙashinsa, yana riƙe da kamfani guda, wato sojoji ɗari da 'yan kai, kuma galibi Manjo ne ko Kyaftin. Na sha ganin yaro ya iso ƙofar bariki da buhun shinkafa ya ce CO ne ya aiko shi, alhali wani OC ne ya yi odar. Nan take za a ɗaga waya, a tsayar da shi a rana, in kuma labari bai zo daidai ba a ce ƙarya ya yi da sunan babba. Dokata ita ce kada ka karɓi oda da haruffa kaɗai. Ka tambayi suna da muƙami da lambar gida, ka rubuta.

Sama da su akwai GOC, Manjo Janar mai riƙe da runduna guda. Ta Legas ita ce Runduna ta 81, hedikwatarta na Victoria Island. Wannan ba sa'anka ba ne, kuma duk wanda ya zo shagonka yana cika baki cewa shi yaron GOC ne, karɓi kuɗinka tukuna. 2IC mataimakin kwamanda ne, a kowane mataki.

Wanda ya fi shafar ɗan kasuwa shi ne RSM, babban samanjan bataliya. Ba hafsa ba ne, daga kurtu ya taso, amma da'a da tsabtar bariki a hannunsa suke, kuma CO na jin maganarsa. Kada ka raina shi don ka ga ba tauraro a kafaɗarsa. Ka gaishe shi da "ranka ya daɗe" ko "Oga RSM". Shi kuma ƙaramin soja kada ka yi masa ƙarin girma ka kira shi hafsa a gaban na gaba da shi, ba gwaninta ka yi masa ba.

Mataki na uku: kalmomin oba-oba

Roja na nufin saƙo ya iso, shi ke nan. Asalinta harafin R ne a tsohon jerin haruffan rediyo na Amurka, kuma ba ta ɗauke da alkawarin komai. In za a aikata abin da aka ce, Wilko ake cewa. Oba na nufin na gama, ina jiran amsa. Awut na nufin an rufe magana. Haɗa Oba da Awut da ake yi a fim kuskure ne, soja na ji zai gane inda ka koyo.

Abin da nake so kowa ya haddace shi ne jerin Alfa, Bravo, Charlie, Delta har zuwa Zulu, guda 26, kowace kalma a madadin harafi guda, wanda aka tsayar a 1956 kuma jiragen sama da NATO ke aiki da shi. Shi kam ba wanda zai harare ka don ka yi amfani da shi. In kana karanta lambar mota a waya ga hayaniyar Oshodi a bayanka, B da D ba sa rarrabuwa, amma Bravo da Delta ko kurma ya ji. Kada ka sayi littafi saboda wannan, asarar kuɗi ce. Rubuta su a bayan kwali ka manna a shago, kullum ka ɗauki biyar.

Mataki na huɗu: lokaci

Agogonsu na awa 24 ne. In aka ce ka kawo kaya 1400, ƙarfe biyu na rana ke nan. Daga 1300 zuwa sama, cire 12 daga lambobi biyu na farko. ETA lokacin da ake sa ran isowarka ne, kuma da cunkoson Legas gara ka ƙara awa guda a kan abin da ka ƙiyasta kafin ka faɗa.

Mataki na biyar: waɗanda za ka ji ka yi shiru

AWOL a bakin 'yan gari wasa ce, ana faɗa wa abokin da ya ɓace daga majalisa. A bariki laifi ne na barin aiki ba izini, ana hukunta soja a kai, don haka ko da raha kada ka jefa wa mai kaki. SNAFU da FUBAR kuma harafin F ɗin da ke cikinsu ashar ne, ka bar su a waya. KIA wanda aka kashe a fagen daga ne, MIA wanda ya ɓace a can. Akwai matan bariki da suka san su a takarda, ba a kawo su cikin hira. Kuma komai yawan haruffan da ka haddace, kada ka haɗa su da wando ko hula mai zanen kakin soja, domin sojan gona laifi ne a dokar ƙasa kuma a ƙofar bariki ake fara kamawa.