Yadda za ki ɗinka wa kanki rigar atamfa ta farko

Duk macen da ta taɓa kai ɗinki wurin tela a Gusau ko Ƙaura Namoda ana saura mako biyu Sallah ta san zaman jiran da ke biyo baya, kuma ta san takaicin karɓar rigar da ta matse ta a hammata. Maganin wannan yana hannunki, matuƙar kin yarda cewa ɗinki awo ne da yanka kafin ya zama taka keke. Masu koyo da yawa suna ɗokin hawa keke, alhali rigar da aka yanka ba daidai ba babu ɗinkin da zai gyara ta.

Ki fara da atamfar auduga mai sauƙin kuɗi, ki ajiye leshi da shadda sai hannunki ya faɗa. Turmi ɗaya yadi 6 ne, wato falle 3, kuma falle ɗaya yana isar gajeriyar riga mai sauƙi, sauran ki bar su na zani da ɗankwali. Auduga ce ta dace da zafin da muke sha daga Maris zuwa Mayu, kuma ba baƙuwa ba ce a nan, domin cinikinta da na gyaɗa ne suka ɗaga Gusau bayan layin dogo ya ratsa ta zuwa Ƙaura Namoda a 1929. Sai dai auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, saboda haka ki jiƙa fallen, ki shanya a inuwa, ki goge shi kafin almakashi ya taɓa shi.

Awo shi ne inda ya kamata ki daɗe. Ki nemi wata ta riƙe miki tef, domin mai auna kanta takan sunkuya, awon ya karkace. A auna kafaɗa, da ƙirji a inda ya fi cika, da ƙugu, da tsawon riga, da tsawon hannu da faɗinsa, a rubuta kowanne a littafi nan take. Idan ƙirjinki inci 40 ne, ki ƙara inci 4 domin rigar ta sake ki numfasa, ya zama 44. Tun da za ki ninka yadin gida huɗu, sai ki raba wannan adadi huɗu, ki sami inci 11, sannan ki ƙara inci 1 na wurin ɗinki. Wannan inci ɗayan kada ki yi masa rowa, domin rigar da ta yi yawa ana rage ta, wadda ta yi kaɗan kuwa sai dai a ba ƙanwa.

Kafin ki zana da alli, ki duba zanen atamfar da kyau, ki tabbata furen ko tsuntsun da ke jikinta bai kife ba a gaba ko a baya. A ganina ya fi kyau ki fara yanka siffar rigar a takardar buhun siminti da aka karkaɗe ko tsohuwar jarida, ki ɗora a jikinki, sannan ki shimfiɗa ta kan yadin. Wuya kuma a yanke shi ƙarami, ana iya faɗaɗa shi bayan an gwada.

Keken ƙafa irin Butterfly ko Singer ya wadatar, kuma ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Allura mai lamba 14 ce ta dace da atamfa. Ki cika kwarkwaro, wato ɗan abin da ake naɗe zaren ƙasa a kai, ki gwada ɗinkin a kan ƙyalle tukuna, idan kika ga zare yana cukurkuɗewa a ƙarƙashi, yawanci zaren sama ne bai bi hanyarsa ba, sai ki zare shi ki sake sawa. Ki fara haɗa kafaɗu, ki gyara wuya, ki sa hannuwa, sannan ki rufe gefuna, kalmasa ta zo a ƙarshe. Bayan kowane layi ki bi shi da dutsen guga, domin guga ce ke raba ɗinkin gida mai kyau da wanda ake ganewa daga nesa. Lokacin hunturu ki riƙa rufe keken saboda ƙura, kina ɗiga masa mai.

Ladan wahalar yana zuwa ne ranar da kika sa rigar kika ɗaga hannu ba ta ja ki ba, tsawonta da wuyanta kuma suka zo daidai da suturar da kike so, ba tare da kin yi wa kowa bayani ba. Kuɗin ɗinki ya zauna a hannunki, ƙyallayen da suka rage sun zama rigar jaririya, kuma idan an fitar da anko a dangi, ke kike zaɓar fasalin naki. Awon da kika rubuta a littafi ki adana shi tare da takardar da kika yanka, ki rubuta a jikinta inda rigar ta matse ko ta sake, domin da su za ki yanka ta biyu.